Iyaka Biyu, Giginya Ɗaya

Ƙanwata Taiba ba mai kiran waya ba ce. In ta kira, ko dai an haihu ko an rasu, saboda haka da na ga sunanta ranar wata Alhamis ina tsakiyar darasi, sai na ajiye alli na fita baranda. Muka gaisa. Ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiyar tafiyar da na yi wata biyu da suka wuce. Ni kuwa yara arba'in da bakwai na bari a aji suna neman ɗaga rufi.

Na ce, "Taiba, mi ya faru?"

"Lahiya lau, Yaya Malam. Zancen gonag ga tawa ne. Bakinta na hanya yana nan yadda anka ba ni, amma wajen gulbi ta tsuke. Tabarma biyu ba su shimfiɗuwa a wurin. Ga shi na yi yayyahin albasa, nan da mako biyu iri ya kai dashe, ba ni da inda zan sa shi."

"Wa ya ci miki?"

"Ni dai ban ce kowa ba. Ka taho ka auna, tunda kai ka san awo."

Ba ta ce kowa ba, amma ni na ce. Kafin in koma aji na riga na yanke hukunci, kuma wanmu Yari na yanke wa.

Mu uku mahaifinmu Malam Nagode ya bari, Allah ya jiƙansa: Yari, ni Murtala, sai Taiba. Gonarsa ɗaya ce mai daraja, a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, ta taso daga bakin hanya ta miƙe arewa har gulbi. Shekara huɗu ke nan da aka raba ta. Wani dattijo aminin mahaifinmu, Baba Muttaka, shi ya riƙe igiya, kamar yadda ya saba riƙe ta a duk rabon gonar garin. A bakin hanya aka auna: igiya biyu ta Yari daga yamma, igiya ɗaya ta Taiba a tsakiya, igiya biyu tawa daga gabas. Igiyar mita ashirin ce. Aka kafa turaku biyu, aka ja iyaka daga kowane turke zuwa gulbi, aka dasa gamba a kai, aka yi fatiha. Ina wurin ran nan, amma rabin hankalina yana kan takardun jarrabawar da ke jirana a Talata Mafara, inda nake koyar da lissafi.

Duk amfanin gonar nan a ƙarshenta yake. Wajen hanya jigawa ce, gero da wake kawai take yi da damina. Wajen gulbi kuwa ko ruwa ya janye, ka haƙa kaɗan sai ka tarar da shi. Wanda ba shi da faɗi a can ba shi da noman rani, magana ta ƙare. Ni da na samu nawa, sai na dasa gwaiba goma sha huɗu a can ƙarshen, na sa aka haƙa mini 'yar rijiyar burtsatse a tsakiyarsu. Bana suka fara 'ya'ya. Ba na ɓoyewa, ina son itatuwan nan fiye da yadda nake son wasu mutane.

Yari kuwa, tun muna yara shi ne mai jan akushi gabansa. In an ba mu rake mu raba, shi ke riƙe wuƙa kuma shi ke zaɓe. Yana zaune a garin, kullum yana gona da shanun huɗarsa, kuma kowa ya san yadda garma ke lasar iyaka kaɗan kaɗan in mai ita ba ya jin kunya. Ni a wurina ba sai an yi bincike ba. Abin da kawai nake so shi ne in kama shi da lambobi a gaban mutane, yadda ba zai ce ƙanensa ya raina shi ba.

Ranar Asabar da safe na ɗaure tef ɗin awo na makaranta a bayan babur, na sa littafi da biro a aljihu, na kama hanya. Na tarar da su a gindin wata bedi, wato dogon yaro, a bakin gonar. Baba Muttaka yana zaune kan buzu da sandarsa, Taiba tana gefe cikin hijabi, Yari yana tsaye yana sakace.

Na durƙusa na gai da Baba. Ya tambayi Mafara, ya tambayi yara, ya tambayi shugaban makarantarmu wanda bai taɓa gani ba. Sannan na miƙa wa Yari hannu.

Ya ce, "A'a, masu boko an iso. Yau gona za ta sha turanci."

Na ce, "Yau dai gona za ta faɗi gaskiya, Yaya."

"To Allah shi sa ka iya jin ta."

Muka fara zagayawa. Abin da Taiba ta faɗa haka yake. A bakin hanya mita ashirin cif, a bakin gulbi mita uku da ɗan kai. Gonar mutum ta koma kamar tsinin mashi. Irin albasarta yana can a ɗan wurin da ya rage, kore shar, ya cunkushe yana neman inda za a kai shi.

Mai karatu zai ce, to a auna faɗin Yari da nawa a bakin gulbi mana, wanda nasa ya yi yawa shi ne ɓarawo. Ni ma da haka na zo. Amma ambaliyar shekara biyu da suka wuce ta share tsohuwar iyakar mahaifinmu ta gefe da gefe a wajen ruwa, gaɓar ma ta lanƙwashe, ba ka sanin daga ina za ka fara. Abin da ya rage na tsohuwar iyaka ɗan guntun layin gamba ne a yamma, daga hanya zuwa kamar mita hamsin, wanda kakanmu ya dasa.

Na dawo gindin bedi na tambayi Baba Muttaka yadda ya ja iyakokin.

Ya ɗaga sanda ya nuna ƙetaren gulbi. "Ka ga giginyar can? Ita ce shaidata. Na tsaya ga turke na hwari, na ce ma mai jan igiya, miƙe ka nuhi giginya. Na koma ga na biyu, na ce mai haka nan. Ba a yi ma kowa son kai ba, ɗana. Giginya guda na ba ku duka."

Na dafe kai. Wallahi da ɗalibina ne da ya sha alli a goshi. Layi biyu da suka taso daga wuri daban suka nufi itace ɗaya, ai dole su haɗu a gindin itacen. Tsohon nan ya yi adalcinsa tsakani da Allah, adalcin ne ya cinye gonar Taiba. Amma ba a faɗa wa mai shekara tamanin haka kai tsaye, sai na ce, "Baba, giginyar ba za ta yi daidai da turke biyu a lokaci guda ba. Ɗaya ne ke kallonta sosai, ɗayan sai ya karkata kafin ya same ta. Wanda ya karkata shi ya shiga gonar Taiba."

Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekara arba'in ina wanga aiki."

"Haka ne, Baba. Bari dai mu taimaka wa idon."

Da na ji zancen giginya, ya kamata jikina ya yi sanyi, domin ya nuna ba garmar kowa ce ta yi ɓarnar ba. Bai yi ba. Na dai sauya tuhuma: Yari ya ga iyakarsa ta shiga ta ƙanwarsa, ya yi shiru shekara huɗu yana ci.

Abin da zan yi ba wani abin mamaki ba ne, 'yan aji huɗu nake koya wa shi kowace shekara suna hamma. Kowane miƙaƙƙen layi yana da karkatarsa, wato in ka yi tafiya kaza arewa, nawa ya gusa gabas ko yamma. Layi biyu in karkatarsu ɗaya ce, kafaɗa da kafaɗa za su yi ta tafiya, ba za su taɓa haɗuwa ba ko za su kai Maradun. In ta bambanta ko da kaɗan ne, wata rana sai sun yi karo. Sannan in kana son ka san ko layi ya tsaya cak a kan wani, kamar bango a kan daɓe, sai ka dubi lambobinsu: na wannan su ne na wancan a juye, fuskar kuma ta sauya. In ka ninka su da juna, ɗaya za ka samu, mai alamar ragi.

Na yi musu wannan bayani a tsaye, da murya irin ta aji. Yari ya ce, "Ni dai ban ji komi ba sai Maradun." Na ba shi bakin tef na ce ya riƙe, tunda wannan bai buƙatar ji.

Na buɗe abin nuna arewa na cikin wayata, muka fara da hanya. Daga turken farko na ja mita talatin gabas sosai, sannan na juya arewa har na sake taka gefen hanya. Mita goma. Na rubuta: hanya, goma bisa talatin, wato ɗaya bisa uku.

Muka je guntun tsohuwar iyakar kakanmu. Mita talatin arewa, sannan yamma har gindin gamba. Mita goma. Talatin bisa goma, uku ke nan, kuma yamma ta nufa, saboda haka mai ragi ce. Uku sau ɗaya bisa uku, ɗaya. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya tsayar da iyakarsa cak a kan hanya, ko magini sai haka. Na ji daɗi ƙwarai. Yanzu ina da ma'auni: duk iyakar da ke cikin gonar nan dole ta ba ni goma a cikin talatin.

Na ce, "Saura taka, Yaya."

"Bismilla."

Ya tsaya kan iyakarsa da Taiba ya danne bakin tef da babban yatsan ƙafa. Na ja talatin arewa, na juya yamma ina tafe ina kallon lambobi suna wucewa, ina jiran in ga sun tsaya a bakwai ko takwas, domin in ta kwanto cikin gonar Taiba haka za ta nuna. Sai da na kai goma na taɓa gamba.

Na ce tef ɗin ya yi lanƙwasa, mu sake. Muka sake, goma. Na ce nan kusa da hanya ne, ɓarnar tana can ciki. Muka shiga tsakiyar gona cikin karan gero, goma. Muka je dab da gulbi, goma da ɗan yatsa biyu, wanda ko a jarrabawa ba na rage wa yaro maki a kansa.

Yari ya ɗage ƙafarsa. Ya naɗe tef ɗin da kansa, ya ƙetare gonar Taiba, ya je ya tsaya a kan iyakata ya danne bakin da yatsan ƙafarsa, yana kallon wani wuri daban.

Iyaka biyu ce kawai, kuma ɗaya ta fita. Ba sai an auna ta biyun ba, wanda ya iya ragi ya san amsar. Amma na ja. Talatin arewa, na juya yamma. Na wuce goma, gamba tana can gaba. Sha ɗaya, sha biyu. A sha uku na tsaya.

Mita uku a kowace talatin. Gonar tana da irin wannan talatin ɗin har shida kafin gulbi, uku sau shida sha takwas. Mita goma sha takwas na gonar ƙanwata suna cikin tawa a bakin ruwa, a daidai inda ruwan yake. Na ɗaga kai na dubi can ƙarshen. Ba sai na je da tef ba, na san inda na dasa kowace gwaiba. Tara daga cikin sha huɗun suna cikin wurin, da rijiyar.

Na koma gindin bedi na zauna da littafina, na ce zan haɗa lissafi. Babu abin da ya rage a haɗa. Na dai yi ta zana layi a kan layi don in samu lokaci.

Zan faɗi abin da ya zo mini, tunda na ɗauko faɗa. Su ukun nan babu wanda ya san bambancin goma bisa talatin da talatin bisa goma. Da na ce duka iyakokin biyu sun karkata, kowa ya matsa mita tara, da an yi fatiha an watse, har a yaba mini da adalci. Mita tara za ta bar mini rijiyar da gwaiba biyar daga cikin taran. Na lissafa wannan ma, a gefen shafi, da ƙananan lambobi. Na ji haushin Baba Muttaka da giginyarsa, na ji haushin Yari da ya fita tsab, na ji haushin Taiba da ta tashi noman albasa bana. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Baba ya ce, "Malam, mi takarda ta ce?"

Na buɗe baki da niyyar mita tara. Sai na ga Yari ya tsuguna yana goge tef ɗin makaranta da bakin rigarsa, ƙasa ta shiga cikinsa. Mutumin da na zo tun daga Mafara don in tozarta.

Na ce, "Iyakar Yaya Yari daidai take. Tafiyarta ɗaya da ta Kaka, kuma ta tsaya cak a kan hanya. Tawa ce ta karkata. Mita sha takwas na Taiba suna wurina."

Baba Muttaka ya yi salati ya riƙe haɓa. "Ashe ni na yi ɓarnar ga? Ni da hannuna?"

"Ba kai kaɗai ba, Baba. Ina tsaye ran nan ka ce a nufi giginya sau biyu, ina ji. Wanda ake biya albashi don ya san wannan ni ne."

Na juya wajen Taiba don in yi mata bayanin yadda lissafin ya nuna. Na fara da talatin da sha uku, sai ta ce, kanta a ƙasa, "Na sani, Yaya Malam."

"Kin san mi?"

"Tun damanar hwari. In anka yi man huɗa, daga iyakar Yaya Yari aka ɗauko kunya ta hwarko, sauran su bi ta. Wadda ke jikin tashi tana kai gulbi. Na wajenka kuwa ɗai-ɗai suke mutuwa ga jikin gambarka, ba su kai ƙarshe. Kunya ashirin da huɗu nika farawa da su, huɗu ka isa ruwa."

Na dubi Yari. Ya ce, "Ni nika yi mata huɗar. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, duk garin ga."

"To don mi ba ku faɗa mini ba? Shekara huɗu!"

Da ƙarfi na yi tambayar, har Baba ya ɗago. Yari ya ce, "In ni na hwaɗi, cewa za ka yi ina hassadar gwaibarka. Ƙarya nika yi?"

Ba ƙarya yake yi ba.

Taiba ta ce, "Ni kuwa da wane baki zan ce ma wana ya ci man gona? Kai ka kai ni asibiti sadda na haihi Hafiza. Na ga ka dasa itace kana murna, na ce bari dai in yi haƙuri. Bana ne abin ya matse, mai gidan ba shi da lahiyar zuwa cin rani, albasar ga ita munka dogara gare ta. Sai na ce in kai ka auna da hannunka, ba wanda ya hwaɗa maka magana."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Na zo da tef da waya da littafi in gano abin da mace ta gano da kunyoyin gero, ta kuma rufa mini asiri a kansa shekara huɗu, tana gaishe ni da gajiyar hanya.

Ba a yi wani dogon zance ba bayan haka. Yari ya saro turaku shida daga jikin bedi. Muka koma turkena na bakin hanya, ya danne tef, na ja talatin arewa, goma yamma, ya kafa turke. Daga nan muka sake, talatin da goma. Rana ta take sosai kafin mu kai na biyar. Baba Muttaka yana biye da mu da sandarsa yana faɗin, ashe haka abin yake, ashe haka abin yake.

Turke na shida ya faɗa gabas da rijiyar da taki bakwai. Na tsaya a kansa na dubi yamma, gwaiba tara a jere, wasu da 'ya'ya sun fara rawaya.

Taiba ta ce, "Itacen dai naka ne, Yaya Malam. A bar su, in dasa a tsakaninsu."

Na san albasa ba ta yi a inuwa, ita ma ta sani. So take ta sake yin haƙuri, wannan karon a gaban idona.

Na ce, "Yaya, ara mini gatarinka."

Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na fara da wadda ta fi kowacce 'ya'ya, don na san in na bar ta ƙarshe ba zan iya ba.